Neman shawara: hasken IPL ɗin nan na gyaran huska yana yi ma baƙar fata?

Salamu alaikum 'yan gida, don Allah ku taimaka mani da shawara. Tun cikin ɗiyata ta biyu wani baƙi-baƙi ya fito mani a kumatu da goshi, na haihu har na yaye bai tafi ba, kuma da bazara ta shigo nan Maraɗi sai ya ƙara duhu. Ina ta ganin bidiyo a TikTok ana haska ma mata huska da wata na'ura wai IPL, tabo ya ɓace fata ta yi sumul, wata ƙawata ta ce akwai masu yi a Kano da Yamai. Ni baƙa ce ba fara ba, na ɗan shafa man ƙara haske wata biyu amma na bari. Bikin ƙanwata bayan salla ne, in tara kuɗɗi in je ko mi kuka gani?

Maman 'yan biyu:
Wa alaikum salam, 'yar uwa ki dakata tukuna. Matan da ke cikin bidiyon nan ki duba da kyau, galibinsu farar fata ne.

Wata ma'aikaciyar lafiya:
Ƙanwata ki saurare ni da kyau don abin ya dame ni. IPL ba leza ba ce, fitila ce mai walƙiya da ƙarfi tana fitar da haske kala-kala, daga wajen nanomita 500 zuwa 1200 (nanomita ma'auni ne na tsawon zangon haske), kuma abin da hasken ke nema shi ne melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, da jan jini na ƙananan jijiyoyi, in ya same su sai ya koma zafi ya ƙone su. Mai farar fata tabon ne kaɗai ke da duhu shi ya sa hasken ke tafiya kansa kai tsaye, mu kuwa duk fatar cike take da melanin, kamar dai yadda baƙin zane ya fi fari ɗaukar zafin rana, to sai huskar gaba ɗaya ta sha zafin, a samu ƙuna, ko bororo, ko tabo ya fi na da baƙi, wani lokaci ma wurin ya yi fari ya ƙi komawa. Likitocin fata suna da ma'aunin kalar fata mai suna Fitzpatrick, daga 1 (mafi fari) zuwa 6 (mafi baƙi), IPL ya fi dacewa da 1 zuwa 3, mu yawancinmu 5 ne ko 6. Sannan abin da kika kwatanta ya yi kama da melasma, wanda ciki da rana ke tayarwa, shi kuwa zafi na iya ƙara shi. Ga man da kika shafa, da yawansu akwai wani magani wai shi clobetasol ciki mai sa fata ta yi siriri, dole ki faɗa ma likita wannan kar ki ji kunya.

Hajiya babba:
Ɗiyata ko ga waɗanda yake yi ma aiki ba zuwa ɗaya ba ne hwa, sau 3 zuwa 6 ake yi, tsakani kusan wata guda, ga kuɗɗin mota ga masauki, kuma bayan kowane zama ba a son rana ta taɓa ki. A Maraɗin nan ina za ki ɓuya ma rana? Kafin biki dai ba zai ƙare ba.

Mai tambaya:
Na gode Allah ya saka. To Anti mi zan yi ke nan, don wallahi ko hoto ban son a ɗauke ni.

Wata ma'aikaciyar lafiya:
Ki fara ganin likitan fata ya tabbatar mine ne. Man kariya daga rana mai SPF 50 (lambar ƙarfin kariyarsa ke nan) kullum da safe, ki sake shafawa in za ki fita da rana, ki riƙe lema. Akwai maganin shafawa azelaic acid da likita ke rubutawa, tretinoin ma haka amma shi ba a shafa shi da ciki, kuma sai an yi watanni ake ganin canji. In har ta kai ga na'ura, wata leza da ake ce ma Nd:YAG mai nanomita 1064 ta fi sauƙin haɗari ga fatarmu, ita ma a hannun likita, a gwada ɗan wuri bayan kunne tukuna kafin a taɓa huska.