Neman shawara (tattaunawar Mayun 2020, lokacin korona): mu je gandun dajin Kainji yanzu ko mu jira a buɗe hanya?

Ɗan Gesse, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da shan ruwa. Mu shida ne, mun tara kuɗi tun kafin azumi don mu je gandun dajin Kainji mu yi kwana 3 muna yawo da ƙafa. Ga shi korona ta sa an hana shiga wata jiha daga wata. Wasu cikinmu sun ce ai daji ba cunkoso, cutar ba ta da abin kamawa a can, kuma akwai direban da ya ce ya san hanyar da babu shinge. Mu tafi, ko mu haƙura? In haƙuri ne, ina za mu iya takawa a nan kusa?

Malam na Jega:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ku haƙura. Gandun ba a Kebbi yake ba. Ɓangarensa biyu, Borgu da Zugurma, suna cikin jihar Neja ne, Borgu kuma ya leƙa Kwara, hedikwatarsa tana New Bussa. Ko ta ina kuka bi sai kun ƙetare iyaka, kuma a jawabin shugaban ƙasa na 27 ga Afrilun 2020 aka sanar da hana zirga-zirga tsakanin jihohi, sai masu ɗaukar abinci, magani, mai da ma'aikatan da aikinsu ya zama dole. Yawon buɗe ido ba ya cikinsu. Ga dokar hana fita daga 8 na dare zuwa 6 na safe tun 4 ga Mayu. In mota ta lalace muku bayan Koko ko Yawuri da la'asar, dare zai same ku a hanya, laifi ya zama biyu. Sannan hadisin annoba sananne ne: in kun ji tana wata ƙasa kada ku shiga, in ta same ku a cikinta kada ku fita.

Maman Amira:
Ƙanena, abokanka sun faɗi rabin gaskiya. A fili inda iska ke kaɗawa, da tazarar mita 2 tsakaninku, haɗarin kamuwa kaɗan ne ƙwarai. Amma lissafa abin da ke tsakanin ƙofar gidanku da dajin. Mutum shida da direba a mota ɗaya, awanni kuna shaƙar numfashin juna, in hadari ya taso a rufe gilashi. Tsayawa shan mai, cin abinci a tasha cikin kwano ɗaya, buta ɗaya a masallacin bakin hanya, sannan ɗaki ɗaya da dare. Nan cutar take yaɗuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum na iya ɗauke da ita kwana 2 zuwa 14 kafin alama ta fito, wani ma ba za ta fito masa ba sam, kuma yana iya shafa wa wani kafin ya fara tari. Ku matasa ne, wataƙila ku ji ta kamar mura. Amma za ku sayi ruwa da kifi a ƙauyukan gefen daji inda asibiti ke da nisa, ku dawo gida wurin Baba mai hawan jini ko Inna mai ciwon suga. Su ne take kayarwa. In da larura ce ta sa ku tafiya, da sai in ce mutum uku a mota, kowa da takunkumi, tagogi a buɗe, in kun dawo ku killace kanku kwana 14. Yawo bai kai wannan ba.

Baban Sadiq, Yawuri:
Maganar direba mai hanyar da babu shinge ita ta tsaya min. Hanyoyin nan iri biyu ne. Ko dai burtali ta cikin daji, wanda da ruwan farko yake zama taɓo, babu sabis ɗin waya, babu mai faci, ko kuma a kai ku gaɓar ruwa wajen Wara a saka ku kwalekwale zuwa ɓangaren Borgu. Tafkin Kainji a farkon damina ba abin wasa ba ne. Iskar hadari tana tasowa cikin 'yan mintuna, jiragen ana loda musu mutane da babura da buhuna fiye da ƙima, rigar ruwa ba kowa ke da ita ba, kuma akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa tun lokacin da madatsar ta cika a 1968. In kuma aka kama ku, direba ba shi zai tsaya gaban kotun tafi-da-gidanka a madadinku ba.

Tsohon malamin daji:
Bari in ƙara abin da ba a taɓo ba. Ko babu korona, wannan ba lokacin Kainji ba ne. Lokacinsa rani, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, ruwa ya janye, dabbobi suka taru a bakin kogin Oli. Nan ake ganin mariya, kanki, gwanki, gadu, bika, da dorina a gurbin ruwa. Da damina ta kankama ciyawa takan fi mutum tsawo, dabbobi su watsu domin ko'ina akwai ruwa, hanyoyin ciki su yanke, tsando kuma ya yi yawa. Za ku biya kuɗin shiga ku ga ganye.

Na biyu, wannan gandu ne mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 5,000, ba a barin baƙo ya kutsa da ƙafa shi kaɗai. Ana shiga da mota ne tare da jami'in gandu, takawa kuma sai inda ya yarda, yana gaba kuna baya. Wanda ya shiga ta bayan fage, a idon doka ba shi da bambanci da mafarauci. In an buɗe hanya, ku kira ofishinsu tukuna ku tambayi abu uku: ƙofa a buɗe take, akwai jami'in rakiya, kuma ya lafiyar hanya a makon.

Kada wani ya ce ku juya Kamuku ta Birnin Gwari ko dajin Kuyambana na Zamfara. Can ba korona ce matsalar ba, 'yan bindiga ne. Gandun W na Nijar ma a cire shi, iyakar Kamba a rufe take tun Agustan 2019.

Ɗan Gesse:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. To Baba, a nan gida fa? Ba ma so jiki ya mutu.

Anti Kulu:
A nan ni ban ga laifin fita ba, har ma ina ganin ya kamata, zaman ɗaki ya ishi mutane. Ga tudun Dukku, ga gefen fadama, duk kuna iya isa ba tare da shiga motar haya ba. Sai dai ku rabu biyu, uku-uku, kada ku jeru shida a tare. Ku fita 6 daidai, ku dawo kafin 9, don zafin Kebbi a watan nan yana haura digiri 40. Mai tafiya a natse yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa. Makon farko ku tsaya a kilomita 5, sau uku a mako, ku riƙa ƙara 1 ko 2 duk mako. Wanda ya fito daga azumi ya faɗa kilomita 15 rana ɗaya, gwiwa da ƙafa za su kwantar da shi.

Ruwa: kowa da gorarsa, rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa, ba a karɓa-karɓa. Ku haɗa ruwan gishiri da suga a gora ta dabam: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a wuce wannan gishirin. In wani ya fara jiri, ciwon kai ko tsukewar nama, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, ya sha kaɗan-kaɗan. In ya fara sambatu ko ya rikice, asibiti kai tsaye. Takunkumi ya zauna a aljihu, a saka in za a ratsa gari ko a tsaya gaisawa, ban da musabaha.

Tsohon malamin daji:
Anti Kulu ta yi daidai, amma a fadama da gindin duwatsu a kula da maciji, farkon damina lokacin fitowarsu ne, musamman kububuwa da kasa. Takalmi rufaffe da safa da dogon wando, ban da silifa. Kada a zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse. In ya sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe da agogo, a ɗaura wa ƙafar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa babban asibiti, kada a bar shi ya taka. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum zai ga kamar lafiya lau sai jini ya fara fita ta dasashi bayan awanni, don haka ba a jira a gani. In kun ji tsawa kuna kan tudu ku sauka nan take, kuma kada ku fake a gindin bishiya tilo. Ku kauce wa wajen barikin soja, ku kuma bi gefen kunya, manoma sun fara shuka.

Kuɗin ku bar shi a hannun mutum ɗaya. Kafin Disamba kowa ya nemi takalmi mai kauri ya taka shi ya saba da ƙafa, da riga mai dogon hannu ruwan ƙasa. Shuɗi da baƙi suna jawo tsando, kada ku sayi waɗannan.