Muhawara: wa ke zaɓa mana abin da muke ci?

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ra'ayina shi ne, yawaitar ƙiba da ciwon suga a duniya, kaso mafi tsoka na alhakin yana wuyan manyan kamfanonin abinci ne, ba mai ci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 mutum kusan miliyan 200 ne ke da ciwon suga, zuwa 2022 sun kai miliyan 830. Masu fama da ƙiba sun haura biliyan ɗaya. Ba na jin cikin shekara talatin ne 'yan Adam suka zama makwaɗaita gaba ɗaya. Abin da ake jera mana a kantuna ne ya canza.

Alhaji Nura: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Wa aka taɓa ɗaure wa hannu aka ɗura masa lemon kwalba? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma alƙaluman nan da ka kawo, ka tuna jama'ar duniya ta ƙaru, mutane sun fi daɗewa a raye, aikin ƙarfi ya ragu, kowa na zaune a mota ko gaban kwamfuta. Kamfani abin da ake nema yake sayarwa.

Hajiya Rabi: Alhaji, mai sayen rariya ai yana ganin hudojinta da idonsa. A nan kuwa an daɗe ana rufe su. A shekarun 1960 wata gidauniyar masu sana'ar sukari a Amurka ta biya masana na jami'ar Harvard kuɗi, suka rubuta sharhin da ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 1967, suka sassauta laifin sukari a ciwon zuciya, suka ɗora wa kitse. Ba a bayyana wanda ya biya ba. Sai a 2016 masu bincike suka tono takardun. Haka a 2015 aka gano Coca-Cola ce ke ɗaukar nauyin wata ƙungiyar masana da ke cewa a mai da hankali kan motsa jiki fiye da abin da ake ci da sha. Da asiri ya tonu, ƙungiyar ta watse a shekarar. Wanda aka gurɓata masa bayani, ina zaɓinsa yake?

Alhaji Nura: Wannan kam abin kunya ne, ba zan kare shi ba. Amma yau wa bai san sukari na cutarwa ba? An sani, ana sha.

Sadiya: Baba Alhaji, ka yi haƙuri in sa baki. Sani kaɗai ba ya hana. A 2019 Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta Amurka ya ajiye mutum 20 a asibiti na tsawon wata guda. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta da aka sarrafa sosai, mako biyu kuma abincin da ba a sarrafa ba. An daidaita yawan sukari da kitse da gishirin da aka ajiye musu a duka biyun, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta, a matsakaici sun riƙa cin ƙarin kalori (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci) kusan 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Da aka juya, suka sauke shi. Mutanen ba su canza ba, halinsu bai canza ba. Abincin ne ya canza, kuma an lura sun fi saurin cin na masana'anta.

Injiniya Bashir: Mutum 20 dai, mako huɗu. Bincike ne mai kyau amma ƙarami ne, kada mu gina gari a kansa. Ni damuwata ita ce yadda ake yi wa sarrafa abinci kuɗin goro. Dafa madara a masana'anta don kashe ƙwayoyin cuta ya ceci rayuka. Gishiri mai sinadarin aidin ya rage maƙoƙo a ƙasashe da dama. Abincin gwangwani ne ke kaiwa ga waɗanda yaƙi ko ambaliya ta rutsa da su. Birane masu miliyoyin mutane ba za su ci daga gonar bayan gida ba.

Malam Habibu: Injiniya, ban ce a rushe masana'antu ba. Maganata a kan taruwar iko a hannu kaɗan ce. Kamfanoni huɗu, ADM da Bunge da Cargill da Louis Dreyfus, su ke riƙe da mafi yawan cinikin hatsi tsakanin ƙasashe. Irin shuka ma, tun da Bayer ta saye Monsanto a 2018, kamfanoni huɗu ke da fiye da rabin kasuwarsa. Tambura barkatai da kake gani a kanti, in ka bi salsala za ka tarar na gidaje ƙalilan ne. Kuma ka dubi 2022 a Amurka: masana'antar madarar jarirai ta kamfanin Abbott guda ɗaya aka rufe a jihar Michigan, madarar jarirai ta yanke a faɗin ƙasar, iyaye suna yawo kanti kanti.

Hajiya Rabi: Tunda an ambaci jarirai, nan ne raina ya fi ɓaci. Tallar madarar gwangwani a ƙasashe matalauta ce ta jawo ƙaurace wa kayan Nestlé a 1977, har Hukumar Lafiya ta kafa ƙa'idar tallata ta a 1981. Uwa ta bar shayarwa, ta dama gari da ruwan da ba shi da tsabta, ta tsinkaka shi don ya kai ƙarshen wata, yaro ya kama gudawa. A 2024 kuma ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta ba da rahoton cewa Cerelac da ake sayarwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ana ƙara masa sukari, alhali irinsa na wasu ƙasashen Turai babu. Alhaji, ɗan wata shida me ya zaɓa?

Alhaji Nura: Hajiya, a kan yara na ba ki gaskiya ɗari bisa ɗari. A hana tallata musu, ina goyon baya. Amma baligi mai hankali, ba na son gwamnati ta zama uwarsa. Harajin lemo ma talaka yake ci.

Sadiya: Ciwon ma talakan ya fi ci, Baba, kuma shi ne ba ya iya sayen insulin duk wata. Gwangwanin lemo ɗaya na ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali shawarar Hukumar Lafiya ita ce kada baligi ya wuce kimanin giram 50 a yini, in so samu ne ma 25. Da Birtaniya ta fara karɓar haraji a 2018 bisa yawan sukarin da ke cikin abin sha, kamfanoni da yawa rage sukarin suka yi don su kauce wa biya. Ashe dama suna iyawa. Chile kuma tun 2016 ta tilasta manna baƙin tambari a gaban leda mai cewa sukari ko gishiri ya yi yawa, ta hana sa hotunan zane na yara a jikin irin waɗannan kaya. Ba a ƙwace wa kowa komai ba, an dai faɗa masa gaskiya.

Injiniya Bashir: Sayen lemo mai yawan sukari ya ragu a wuraren, na yarda. Ko ƙiba ta ragu daidai da haka, wannan sai an ɗauki shekaru ana aunawa. Amma tambarin Chile ya kwanta mini fiye da haraji.

Malam Habibu: To ku lura da yadda ake yaƙar ko da shawara ce. A 2003 da Hukumar Lafiya ta ce kada sukari ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke samu daga abinci, ƙungiyar masu sukari ta Amurka ta yi barazanar neman majalisar ƙasar ta yanke kuɗin da take bai wa Hukumar. Da a ce kwaɗayinmu kaɗai ke sayar da kayan, me zai kai su ga haka?

Alhaji Nura: Kare kasuwa suke yi, kowane ɗan kasuwa haka yake. Ni dai ina nan a kan cewa hannun da ya miƙa kuɗi yana da nasa alhakin. Amma a rubuta mini yawan sukarin da manyan baƙaƙe a gaban kwalba, ba a bayanta da rubutun da sai da tabarau ba. In na gani na sha, ku zarge ni.