Neman shawara: wa zai riƙe yara daga tashin makaranta zuwa dawowar iyaye?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyar matan unguwarmu za ta buɗe gidan reno don 'ya'yan masu aikatau da ƙananan 'yan kasuwa, yara wajen 30, daga wata shida zuwa shekara biyar. Firamaren gwamnati da ke kusa tana da ajin share fage, amma ana tashinsu kafin azahar, iyayen kuwa sai bayan la'asar. Ta ina za mu fara?

Malamar firamare: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ku yi wa makarantar kishiya. Duk wanda ya isa shiga ajin a kai shi, ku kuma ku karɓe shi bayan tashi. Ku fara da hedimasta da SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, sannan ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ku nemi aron aji ɗaya na yamma. Inda ake samun matsala wajen miƙa yara ne: malama ta ɗauka mai reno ta zo, mai reno ta ɗauka yaro ya tafi gida. Mutum ɗaya tak za ta riƙa ɗauko su, da rajista a hannu, ta ƙirga a ƙofar makaranta, ta sake ƙirgawa in an iso. Da yamma ba a ba da yaro sai ga wanda sunansa ke rubuce, ko da ya ce shi kawunsa ne.

Jami'ar lafiya: Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta ce mai reno ɗaya ga yara 10. A ganina ga masu rarrafe wannan ya yi yawa, huɗu ma aiki ne. Ku duba katin riga-kafi ranar shiga, musamman allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15. Ku roƙi asibitin sha-ka-tafi su riƙa zuwa da bitamin A duk wata shida. Ku nemi tef ɗin awon damtse, na gano tamowa. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, asibiti a ranar. Kowane yaro da kofinsa, domin kofi ɗaya ke yaɗa gudawa. ORS da zinc, na maganin gudawa, kada su yanke.

Wata 'yar uwa: Kuɗi kuma ku karɓa kullum ko mako-mako kamar adashi. Mai cin kullum ba ta iya biyan na wata a dunƙule. Wadda ba ta da shi ta kawo gero ko waken suya na kunu. A fara cire haƙƙin masu reno kafin komai, in ba haka ba wata biyu za su watse.