Gargaɗin tsunami: aikin masana ne ko kururuwar ƴan jarida?

Malam Sanusi: Ƴan'uwa na Maraɗi, ga abin da nake so mu warware. Ƙarshen Yulin 2025 an yi girgizar ƙasa mai maki 8.8 a gaɓar Kamcatka ta Rasha. Kafofin labarai suka cika duniya da ihu, Japan ta ce mutum kusan miliyan biyu su bar bakin teku. Ruwan da ya iso musu bai kai mita biyu ba. Ni dai na ce gargaɗin nan na tsunami, wato manyan igiyoyin teku da girgizar ƙasa ke tayarwa, ya zama hajar sayar da labari.

Hajiya Rabi: Malam, cibiyar gargaɗi daban, mai karanta labarai daban. Na'urorin auna girgiza kan ba da wuri da zurfi da ƙarfi cikin ƴan mintoci. In ƙarƙashin teku ne, ba can cikin ƙasa da zurfi ba, kuma da ƙarfi, sai a fitar da gargaɗi tun ba a ga ruwan ba, don a tsakiyar teku igiyar na gudun kilomita 800 a awa. Daga baya na'urar da ke kwance a ƙasan teku ta auna nauyin ruwan da ke kanta, ta aika ta tauraron ɗan adam, sannan a ƙara ko a rage. A 2004 tekun Indiya ba shi da wannan tsari: ruwan ya yi wajen awa bakwai kafin ya kai Somaliya, kuma ya ci mutane a can.

Isufu: Baba Sanusi, ai kuskuren da ya fi kisa shi ne na ragewa. Ranar 11 ga Maris 2011 Japan ta yi gargaɗi cikin minti uku, ta ce maki 7.9, ruwa mita uku a Iwate da Fukushima. Ashe maki 9 ne. Babbar girgiza kan ɗauki mintoci tana tsaga ƙasa, lissafin gaggawa kuwa farkonta kawai yake kamawa. Wasu suka dogara da katangar bakin teku, wuta ta ɗauke, gyaran da aka yi wa gargaɗin bai iske su ba. Shi ya sa tun 2013, in girgizar ta yi girma, sanarwar farko ba ta faɗin mita, sai dai ta ce "gagaruma".

Malam Sanusi: To birnin Palu na Indunusiya fa, 2018? An janye gargaɗi bayan minti 34.

Hajiya Rabi: Nan ka kama gaskiya. Da ma'aunin tsayin ruwan teku na wani gari mai nisa aka dogara, shi kuwa ƴan santimita ya nuna. Sai dai ruwan ya shiga Palu cikin mintoci kaɗan, ko jiniya da wuya ta riga shi. A irin haka girgizar kanta ce gargaɗi: in ta hana ka tsayuwa, nufi tudu.

Isufu: Laifin ƴan jarida a wani wurin yake. Su ce "mita ɗaya kacal", alhali ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana kayar da ƙato, ga shi ɗauke da itace da kwano. Su ce an tsira bayan igiyar farko, alhali ta biyu ko ta uku kan fi ta. Ga bidiyon 2011 da ake sake yaɗawa a Facebook duk lokacin da ƙasa ta motsa.

Malam Sanusi: Na ji, amma ban sauka ba. Wanda aka kora sau uku ba komai, na huɗu zai yi zamansa. Ko nan, damina na tsayawa saƙon murya ke yawo a WhatsApp cewa an buɗe dam ɗin Jibiya, Gulbi na tafe. Masu gonakin fadama sun gaji da ji.

Hajiya Rabi: Saƙon da ba sunan hukuma, ba rana, ba awa, ba gargaɗi ba ne, Malam. Turo mana shi mu ji wa ya yi maganar.