Faifan Dark Side of the Moon na 2023: wai wanne ne na asali?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi tun jiya raina a ɓace yake, shi ya sa na ce bari in zo nan in amayar da abin da ke cikina. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da ya dawo karatu daga Ingila ya zo da faifan garmahon ƙungiyar mawaƙan nan ta Pink Floyd, Dark Side of the Moon, da shi muka tashi a gida. Ranar Asabar da hantsi sai ya goge shi da ƙyalle ya ɗora allura, wannan bugun zuciyar na farko dum-dum, dum-dum, ƙirjinka ke fara ji kafin kunne, in agogunan nan suka ɓarke da ƙara kuwa ƙanwata sai ta ruga ta ɓuya bayan Inna. Zafin ɗakin ajiya ya lanƙwasa faifan ya koma kamar marfin kwano. To na roƙi ƙanin matata da ke can ya sayo min sabon bugun 2023 na cika shekara 50, kuɗin da na tura ya isa buhun shinkafa, wata uku ina jira. Jiya na fito da garmahon Baba na jona shi da sabuwar sifikar falo, sai da na murɗa murya har ƙarshe kafin in ji wani abu, bugun zuciyar nan kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani. An cuce mu. Duk wani rimasta, wato gyara sautin tsohon kundi a sake fitar da shi, yaudara ce ta cin kuɗin mutane, sun ɗauki na asali sun lalata.

Injiniya Zariya: Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya jiƙan Baba. Amma tsaya tukuna, da ka ce na asali, wanne kake nufi? Don faifan da Baba ya zo da shi ma kwafi ne. Asalin abin tef ne, a Abbey Road da ke Landan suka ɗauka tsakanin 1972 da farkon 1973 a kan tef mai layi 16, Alan Parsons ne injiniyan, sannan aka haɗe layukan zuwa biyu, hagu da dama. Wannan tef ɗin shi ne uwa. Faifai da kaset da CD duk 'ya'ya ne.

Ɗan Gwanjo: Injiniya ka fara ko. Kowa ya san abin da ake kira na asali a harkar nan, bugun farko na Ingila, Maris 1973, na kamfanin Harvest, lamba SHVL 804, wanda dalar, wato alamar nan mai kusurwa uku, da ke kan takardar tsakiyar faifan shuɗiya ce cike ba zane kawai ba. Je ka tambayi duk mai tara faifai a duniya. Tef ɗin naka wa ya taɓa jinsa? Kai ka je Landan sun kunna maka?

Injiniya Zariya: Ban je ba Alhaji, amma kai ma mai shuɗin dalar ka taɓa riƙe shi a hannunka?

Ɗan Gwanjo: Na riƙe, na kuma ji da kunnena a gidan wani dattijo, shekara 30 ina harkar tsofaffin faifai tun kana firamare. Ɗumin da ke cikin faifan nan babu wata kwamfuta da za ta ba ka shi.

Anti Manchester: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni a wajena in ana maganar wanda ya fi kusa da tef ɗin, CD ɗin Japan ne na 1983, na Toshiba-EMI, wanda ake ce wa mai baƙar dala. Maigidana yana da shi, in ya sa da daddare yara sun yi barci, wajen da mawaƙiya Clare Torry take rera muryar nan ba kalma ko ɗaya, har numfashinta kana ji, babu ƙaraf-ƙaraf babu komai. A faifan garmaho wannan waƙar ita ce ta ƙarshe a fuska ta farko, allura ta riga ta matso tsakiya, kuma nan ne sauti ya fi dagulewa, in ta ɗaga murya sai ka ji tana tsagewa. Wannan ba ɗumi ba ne Alhaji, naƙasa ce.

Ɗan Gwanjo: Hajiya da girmanki. CD ya zama na asali? Abin da aka yi shekara 10 bayan fitowar kundin? To ai sai jika ya zama kaka.

Anti Manchester: Ban ce na asali ba, na ce ya fi kusa da tef. Ka dinga karantawa kafin ka amsa dan Allah.

Sadiq 02: Ni fa gaskiya duk ban gane rigimar ba. Ina da shi a waya, wani abokina ya tura min ta Xender, na sa bulutut ina ji lafiya lau, na kuma ji na 2023 a YouTube ban ji wani bambanci ba. Waƙa ai waƙa ce.

Ɗan Gwanjo: Kai yaro tafi ka ba mu wuri, manya na magana.

Injiniya Zariya: A'a Alhaji bar shi ya koya. Sadiq ƙanina duba girman fayil ɗin naka, in MP3 ne mai kilobit 128 to ka sani CD yana zuba 1411 ne a duk daƙiƙa, kusan kashi 1 cikin 11 kenan ya rage maka, sauran an zubar. Sannan bulutut ya sake matse shi kafin ya iso kunnenka. Kamar kunu ne aka tsinka shi sau biyu, in ka ce duk ɗaya ne ba laifinka ba ne. Sa waƙar kuɗin nan da ta buɗe fuska ta biyu da hedifon mai waya, ka saurari ƙarar sulalla da injin kanti yadda suke tsalle daga hagu zuwa dama, a nan za ka gane.

Sadiq 02: Na gode Injiniya. Amma Alhaji ni ba yaro ba ne, shekarata 23, kuma ba kowa ne ubansa ya je Ingila ba.

Baban Ilham: Sadiq me ya kawo ubana cikin maganar? Mutumin da ke kabarinsa?

Sadiq 02: Wallahi Yaya ba da kai nake ba, Allah ya huci zuciyarka.

Mai Tambura: Ku duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Asalin waƙa mai ita ne, kuma duk kalmomin kundin nan Roger Waters, ɗan ƙungiyar a lokacin, shi ne ya rubuta su kaf, ba wanda ya sa masa hannu. Shi da kansa ya sake ɗaukar kundin ya fitar a Oktoban 2023 ya sa masa Redux. In mai abu ya ce ga yadda yake son abinsa, wa ya isa ya ce ba na asali ba ne? Kuma mutumin nan ya tsaya wa Falasɗinawa lokacin da da yawa a mawaƙan Turai suka yi gum, wannan kaɗai ya isa in bi bayansa.

Anti Manchester: Tsayawa Falasɗinu daban, sauti daban. Na saurari Redux ɗin nan har ƙarshe, dattijo ne mai shekara 80 yana ta magana ƙasa-ƙasa a kan kiɗa, an cire jitar David Gilmour, mai jitar ƙungiyar. In ka cire jitar nan daga waƙar agogo me ya rage? Miya ba gishiri.

Mai Tambura: Ai na san ke 'yar Gilmour ce tun rigimar bara. Mutumin da Waters ya fita a 1985 suka riƙe sunan ƙungiya suna ci da guminsa.

Anti Manchester: Guminsa shi kaɗai? Richard Wright fa, wanda ya tsara fiyanon da Clare Torry ta hau kai? Ita kanta fam 30 aka biya ta ranar, sai da ta kai ƙara aka sasanta a 2005 kafin a sa sunanta cikin marubuta waƙar. In gumi ake bi, ka fara da ita.

Mai Tambura: Wannan kamfanin faifai na EMI da ƙungiyar ta kai, ba Waters shi kaɗai ba, kar ki ɗora masa.

Ɗan Gwanjo: Ku dawo kan magana. Ni abin da na sani duk abin da ya bi ta kwamfuta ya mutu, kunnena yana ganewa cikin daƙiƙa biyar.

Injiniya Zariya: Yauwa Alhaji dama nan nake jiranka. Ka tuna abin da ya faru da kamfanin Mobile Fidelity na Amurka a 2022? Shekara da shekaru masu irin kunnenka suna sayen faifansu da tsada suna cewa ga sautin tef tsantsa, ashe da yawa daga ciki sai an juye tef ɗin zuwa dijital kafin a yanka faifan. Ba kunne ne ya gano ba, wani mai shagon faifai ne a garin Phoenix ya tono zancen, kamfanin ya amsa, har aka kai su kotu. Ina kunnuwan daƙiƙa biyar suke duk tsawon lokacin?

Ɗan Gwanjo: Wannan bai shafi kundinmu ba. Bugun da Mobile Fidelity suka yi wa Dark Side na 1979 ne, lokacin ko CD ba a fara sayarwa ba. Ka kawo wata hujjar.

Injiniya Zariya: Na yarda da shekarar, amma maganar kunnenka nake ba ta faifan ba.

Ɗan Gwanjo: To ka zo shago da kayanka, ka ɗaure min ido da rawani ka gwada ni, in na faɗi na ba ka faifai biyar kyauta.

Malam Yamai: Salamu alaikum, ni kullum karatu nake ba na magana, amma akwai abin da kuke cakuɗawa. Rimasta daban, rimis daban. Na 1992 da Doug Sax ya yi, da na 2011 da James Guthrie da Joel Plante suka yi, da na 2023 shi ma na Guthrie, waɗannan duk haɗin nan ne na 1973 mai hagu da dama, gyaran fuska kawai ake masa, a ɗan ɗaga nan a ɗan sauke can. Wanda aka sake haɗawa daga tushe shi ne mai sifika 5.1 na faifan SACD ɗin 2003, da na tsarin sautin Dolby Atmos da ya zo cikin akwatin 2023. Kuma tun farko ma Parsons ya yi wani haɗin mai sifika huɗu, har agogunan nan don gwajin sifika huɗun ya fara ɗaukar su a shagon tsofaffin kaya. To in haka ne tun a shekarun 1970 na asalin ma biyu ne.

Ɗan Gwanjo: Malam kai ma ka koma layin Injiniya kenan.

Malam Yamai: Ba ni da layi Alhaji, abin da na sani na faɗa.

Baban Ilham: Jama'a tun safe nake bin maganganunku, kowa na ta asali asali, har yanzu ba wanda ya ce min ga dalilin da faifan da na kashe kuɗina a kai yake ƙara kamar gwangwani. Da na sani ban faɗi kalmar ba.

Malam Yamai: Yaya na koma na sake karanta saƙonka na farko. Ka ce ka jona garmahon Baba da sabuwar sifikar falo, kuma sai da ka ƙure murya. Ta wane rami ka jona? In ta AUX ne to matsalar kenan. Lokacin yanka faifai da gangan ake rage bes a ƙara siririn sauti don layin ya samu wuri, shi kuma tsohon amfilifaya yana da rami da aka rubuta PHONO, shi ke mayar da bes ɗin ya kuma ɗaga ƙarfin sautin. Sifikun yanzu yawanci ba su da shi. Ko mai shuɗin dalar Alhaji ka ɗora a haka, gwangwanin za ka ji. Sannan allurar nan, an taɓa canza ta tun zamanin Baba? In ba a canza ba dan Allah kar ka sake ɗora ta kan sabon faifan, za ta cinye shi.

Baban Ilham: Ta AUX ne. Amfilifayan Baba ya ƙone tun tuni. Allurar kuma ita ce dai.

Injiniya Zariya: Shi ke nan, ga amsa. Ka ƙara da cewa kunnen ɗan shekara 10 ba ɗaya yake da na ɗan 50 ba, siririn sauti raguwa yake da shekaru.

Baban Ilham: Injiniya yanzu kurma ka mayar da ni? Bes na ce ba na ji, ba siririn sauti ba.

Mai Tambura: Ni dai har yanzu Anti ba ta janye maganar miya ba gishiri ba.

Admin Kawu: To jama'a ya isa haka, dare ya yi, zan rufe wannan zaren. Ga abin da aka tattauna a taƙaice. Ɗan uwanmu Baban Ilham ya kawo kukan cewa bugun 2023 bai kai na da ba, kuma mafi yawan masu ilimin abin sun nuna bugun farko na Ingila shi ne na asali, kamar yadda Alhaji Ɗan Gwanjo ya yi bayani da gogewarsa ta shekara 30, har ya yi tayin a gwada shi ido a rufe ba wanda ya amsa. Masu CD da masu waya sun faɗi ra'ayinsu, mun ji, amma lissafi ba ya maye gurbin kunne. An kuma ba da shawarar a duba waya da allura. Maganar Waters da Gilmour na hana ta a zauren nan tun bara, Mai Tambura wannan gargaɗi na biyu ne. Sadiq ka kiyaye harshenka a gaban manya.

Injiniya Zariya: Kawu mafi yawa su wa? Alhaji ne shi kaɗai ya faɗi haka. Kuma gwajin na amsa, ranar Asabar ina nan zuwa da rawanin.

Anti Manchester: Bayanin Malam Yamai gaba ɗaya shi ne ya koma "a duba waya"? Haba Kawu.

Baban Ilham: Kafin ka rufe Kawu. Malam Yamai, wannan abin na PHONO ana samun ƙaraminsa shi kaɗai a Kano ko Kaduna, ko sai na sake roƙon ƙanin matata?