Titin da ya raba gidanmu da makarantar 'yata

Maman Safiya:
Assalamu alaikum. Daga gidanmu zuwa makarantar 'yata bai kai tafiyar minti 15 a ƙafa ba, amma kullum sai na ɗauke ta a mota, saboda wani babban titi da ya ratsa tsakani, layi uku kowane hannu. Shekaranjiya na gwada raka ta a ƙasa. Muka tsaya a bakin titi, motoci na wucewa kamar an koro su, har na ji ta matse min yatsu. Gefen da aka yi wa masu tafiya a ƙafa kuwa, motoci sun faka a kai. Ta daɗe tana roƙona keke, na kasa ce mata to. Shin laifin direbobi ne kaɗai, ko tun wajen zana titin aka yi kuskure? An taɓa gyara irin wannan a wani wuri?

Injiniya Baffa:
Wa alaikumussalam, Hajiya. Aikina ke nan, kuma gaskiya laifin ya fi yawa a wuyanmu masu zane. Direba ba allon gefen hanya yake bi ba, faɗin titi yake bi. Ki ba shi layi mai faɗi, miƙaƙƙe, zai taka ko me aka rubuta. A matse layin, a tsuke kwana, a ɗaga wurin tsallakawa ya zama tudu, a sa dandamali a tsakiya don yaro ya tsallaka rabi ya huta, sai ki ga ƙafarsa ta sassauta da kanta. Wanda mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa yakan tsira, a 50 kuwa abin ya yi muni ƙwarai.

An gyara, sosai ma. Ƙasar Holan da ake yabo yau kan hawan keke ba haka ta tashi ba. A 1971 sama da mutum 3,000 suka mutu a titunanta, fiye da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga da taken Stop de Kindermoord, wato a daina kashe yara. Da ƙarancin man fetur na 1973 ya zo, gwamnati ta hana motoci fita ranakun Lahadi na wani lokaci, mutane suka ga yadda titi yake idan ya huta. Daga nan aka shiga gina hanyoyin keke da gaske.

Ɗan Keke:
Injiniya, ƙara da wannan: fenti ba ya tare mota. Shekara shida ina zuwa aiki a keke, layin keke da aka shata da farin fenti kawai shi ne farkon wurin da ake fakawa. Sai an sa kankare tsakani. Kuma hanyar ta haɗu da 'yar'uwarta, ba ta mutu a shataletale ba. Birnin Sabiya na Sifen haka ya yi daga 2006, ya shimfiɗa kusan kilomita 80 a haɗe, masu hawa suka ninku. A dasa itatuwa kuma, ba mai son taka sayyada a rana tsaka.

Alhaji Mai Shago:
Ni fa ina da ja. Idan aka rage layi, cunkoso fa? Ta ina motar kaya za ta sauke min? Tsoho da mara lafiya kuma?

Injiniya Baffa:
Ranka ya daɗe, tambayarka a kan hanya take. Faɗaɗa titi ba ya maganin cunkoso, ƙarin motoci yake jawowa. A Houston ta Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy a 2008, ba a yi shekaru da yawa ba ta sake cushewa. Garin Pontevedra na Sifen kuwa ya rage motoci a tsakiyarsa tun 1999, amma motar kaya da ta asibiti suna shiga. Motar da ke ratsawa ta wuce aka kora.

Hajiya, ki fara da ƙofar makarantar. A Faris ana rufe titunan gaban makarantu da yawa ga motoci tun 2020.

Maman Safiya:
Na gode, Injiniya. Ranar Asabar akwai taron iyaye. Zan ɗauki hoton wurin da muke tsayawa da ƙarfe bakwai da rabi, in nemi mu rubuta takarda kan tudun tsallakawa da dandamalin tsakiya. Keken Safiya sai an yi su tukuna.