Na kasa gano gungun taurari na Omega Centauri da madubin hangen nesa, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallon sama. Ina da madubin hangen nesa mai ido biyu, 10x50 (yana ƙara girman abu sau goma, faɗin gilashinsa milimita 50), kuma a wajen Kano nake.

Da hunturu ba ni da matsala, in dai hazo bai yi kauri ba. Kaza da 'ya'yanta, wadda ido ke ƙirga taurari shida ko bakwai a cikinta, a madubin gomomi nake gani, farare masu shuɗi-shuɗi. A Fabrairu da Maris na samu gungun taurari na M44 ba wuya. Da damina kuwa, duk daren da hadari ya yaye, gungun M7 yana nan kusa da wutsiyar jerin taurarin da ake kira Kunama.

Wadda ta gagare ni ita ce Omega Centauri, kuma ita na fi ƙwallafa rai a kai, domin taurarin da ke dunƙule cikinta miliyoyi ne. Na san lokacinta Afrilu da Mayu ne, kuma daga Kano tsayinta ba ya wuce kusan digiri 30 daga ƙasa ta wajen kudu. Nakan fara daga tauraruwar Spica in gangaro kudu sak, amma ina sauka ƙasa sai ƙura da hasken fitilun gari su dusashe komai. Ga hannu yana rawa, taurarin sai tsalle suke.

Don Allah wanda ya taɓa ganinta daga Arewa, ƙarfe nawa ya fi dacewa? Sai na fita ƙauye, ko in jira ruwan farko ya wanke ƙurar? Kuma me kuke jingina madubin a kai?